Mamman Dillali, Ban Yafe Ba

Damina bakwai ke nan da muka kai wana, Malam Shu'aibu, makwancinsa a Bunguɗu. Da ba zan ce komai ba bana, sai ga wanda ya yi sanadinsa ya yi sallama a zaurena a Gusau makon jiya, wai zai tafi Makka, yana zagayen neman gafara.

Masu karatun jarida na da sun san Shu'aibu. Shi ke aiko labarin kasuwa da na tashar jirgi daga Gusau, shi ne kuma mai 'yan littattafan nan na gano mai laifi da ake aro hannu da hannu har bango ya fita. Yana da wata ɗabi'a: ba ya aika labari wurin bugawa sai ya karanta wa jama'a ranar kasuwar Tsafe. In ya zo gab da ƙarshe sai ya naɗe takarda ya ce, “To, wa ya yi?” A yi ta musu, shi kuwa yana dariya yana cin goro.

Ran nan ya karanta labarin saniyar marayu da ta ɓace. Wallahi daga kansa ya ƙago shi, ina zaune ya rubuta. Da ya yi tambayarsa, babu wanda ya ambaci mutanen cikin labarin. Baki ɗaya 'yan kara, masu cinikin shanu, suka ce, “Mamman Dillali ne!” Ashe an taɓa yin haka a garin, kowa ya sani, an dai rasa mai faɗa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Mamman ya kai ƙara, ya jera shaidun zur cewa wana ya kama sunansa, aka ɗaure Shu'aibu. Ya fito da tarin da bai bar shi ba, jarida ta daina karɓar rubutunsa, ya koma ɗakin innarmu yana tofar da jini.

Yau ana ta zancen mulkin kai, kowa ya hau teburi a kasuwa ya faɗi abin da ya ga dama. Na san da yana raye dariya zai yi, ya ce ga 'yan wasa sun samu. Ƙila ma da ya yafe, don mutum ne mai sanyin hali. Ni ba haka Allah ya yi ni ba.

Da Mamman ya shigo zaurena makon jiya, ya durƙusa da babbar rigarsa ya ce, “Malam, a yahe mani, abin da ya wuce ya wuce.” Na ce, “Mi ka yi da za a yahe maka? Faɗi da bakinka.” Sai ya hau murza carbi. Gafara yake so ba tare da ya ambaci laifi ba, kamar mai son tuwo ba ya son wanke hannu.

Shu'aibu bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. Ya bar littattafan da yara ke karantawa har yanzu, kuma a cikin kowane ɗaya ana kama mai laifi a shafin ƙarshe. Na rayuwarsa ne kaɗai ba a kama ba. Saboda haka, Mamman, ga amsar da ka tashi ba ka jira ba. Haƙƙin ba nawa ba ne balle in ba ka. Mai shi yana maƙabartar Bunguɗu, je ka roƙe shi. In ya amsa maka, ka hau jirgi.