Sai Baɗi

Yayana tun yana ƙarami ba ya ganin farar takarda ya ƙyale ta. Bayan kalanda, kwalin sabulu, har bangon ɗakin Inna, duk ya cika su da zanen gidaje: nan ƙofa, nan taga, nan inda iska za ta ratsa. Shi ya sa a gidanmu ake ce masa Magini. Da zai shiga jami'a sashen zanen gine-gine ya nema, amma da sunaye suka fito sai ya tarar an jefa shi sashen labarin ƙasa. Baba ya ce ya shiga tukuna, in ya so ya nemi sauyi daga ciki.

A makon farko aka nuna masa malamin da aka ɗora wa ba 'yan ajinsu shawara. Ofishinsa na ƙarshen baranda, ɗan ɗaki mai fanka mai kuka, da kujerar baƙi wadda aka tokare ƙafarta da tsohon littafi. Ba irin malaman da ake yi wa zarya ba ne. Ya zaunar da yayana, ya zuba masa shayi, ya duba zanensa ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗana, kana da hannu," in ji shi. "Amma sauya sashe ba a yi masa gaggawa. Ka ci shekarar nan da kyau, baɗi ni da kaina zan kai ka."

Yayana ya duƙufa, ya fito cikin na gaba-gaba, ya koma wurin Malam.

"Bana can sun cika maƙil," in ji Malam. "Kuma taswira ai zane ce. Me ka rasa a nan?"

"Malam, taswira ba a kwana a cikinta."

Malam ya yi dariya har da cire tabarau, ya ce a bari sai baɗi.

Abokin ɗakin yayana ya ce masa ya tafi kai tsaye wurin shugaban wancan sashen, wasu ma haka suka yi suka dace. Yayana ya ƙi. Ya ce mutumin da ya kira shi ɗansa, da wane ido zai zagaye shi? Haka aka rene mu, babba ya ce jira, sai ka nemi wuri ka zauna.

A shekara ta uku Malam ya girgiza kai cikin tausayi. "Ai lokaci ya wuce, ɗana. Doka ba ta yarda ba bayan shekara ta biyu. Da ka matsa mini bara."

Daga nan yayana ya daina zane, karatun ma ya sake shi. Ya gama da sakamakon da ba a nuna wa baƙo. Aiki ya ƙi samuwa, sai Kawu ya ɗauke shi shagonsa na fenti. Nan ya yi aure, nan furfura ta same shi, tsakanin gwangwanaye, yana haɗa wa gidajen mutane launi. In magina suka shimfiɗa zanen gida a kan kantar shagon, sai ya ce su naɗe, kada fenti ya ɓata.

Wata rana na kai masa abinci, sai ga wani dattijo da sanda ya zo sayen fentin gidan da ya gina bayan ritaya. Ya ƙura wa yayana ido, ya washe baki.

"Ɗalibina ne," ya ce da ni. "Shekarun can mun sha wuya, 'yata. Ɗalibai guduwa suke yi, har an fara maganar haɗe sashenmu da wani. Da ban riƙe masu ƙoƙari irinsa ba, da tuni an rufe mu. Ku kuka cece mu, ɗana."

Ya faɗe shi ne kamar mai ba da kyauta.

"Allah Sarki, Malam," in ji yayana. "Wane launi za a haɗa?"

Ya haɗa, ya ɗauki bokitan da kansa ya kai but ɗin motar Malam, ya tsaya har motar ta sha kwana. Sannan ya dawo ya daɗe yana wanke hannu da kananzir. Abincin ko buɗe shi bai yi ba. Ya tambaye ni ko maganin Inna ya ƙare.