Tarihin Rayuwar Dakta Rumaisa'u Haliru Moriki da Tallafin da Ya Same Ta Cikin Jego

Mai karatu ya sani tun farko cewa akwai shekarar da karatun wannan baiwar Allah ya kusa tsayawa a bakin ƙofar gidan mahaifinta, za a kuma zo wurin a kan tsari.

Haihuwa da Karatu

An haifi Rumaisa'u a garin Moriki ta ƙaramar hukumar Zurmi a shekarar 1991. Mahaifinta shi ne Malam Haliru Na'ibi, ɗan kasuwar hatsi, mai wannan rubutu, mahaifiyarta kuwa Malama Mariya ce, 'yar Badarawa ta ƙasar Shinkafi. Ta yi karatun allo da firamare a Moriki, sannan ta yi sakandare a Kaura Namoda, inda iyalin suka koma a shekarar 2003. A 2009 ta sami gurbin karatun likita a Sakkwato. Tana aji biyar Allah ya jarrabi mahaifiyarta da ciwon daji na mama. An fara yi mata gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, amma nisan hanya da tsoron na'urar suka sa aka daina zuwa. Ta rasu a 2014, aka yi mata sutura a Kaura Namoda. Allah ya jiƙanta.

Aiki da Aure

Bayan ta kammala a 2016, ta yi aikin horo da bautar ƙasa, sai ta zaɓi ta ƙware a wannan fanni na gashi. Mahaifinta bai so ba, domin ya ji ana cewa hasken na'urar yana hana mace haihuwa, ko da yake ta sha yi masa bayanin katangar da ma'aikata ke tsayawa a bayanta. A 2019 aka ɗaura mata aure da Malam Muhtari, malamin makaranta a Sakkwato.

A farkon 2021 ta nemi tallafin wata ƙungiyar likitoci ta ƙasar waje, wadda ke ɗaukar nauyin ƙananan likitocin wannan fanni su yi shekara guda suna koyon aiki a can, su dawo su yi bincike a gida. Binciken da ta gabatar shi ne dalilin da ke sa matan ƙauyukan Zurmi da Shinkafi barin gashi kafin a gama. Sharaɗin ƙungiyar shi ne mai nema ya kasance bai gama horon ƙwarewa ba, ita kuwa tana gab da gamawa, saboda haka wannan ce damarta ta ƙarshe.

Haihuwar Fari

A watan Agusta na wannan shekara ta zo gida Kaura Namoda haihuwa, kamar yadda ake yi a cikin fari, ta sauka lafiya, aka sa wa yaron suna Safwan. Da yake ba ta da uwa, yayar mahaifinta, Gwaggo Kulsumu, ta taso daga Shinkafi domin yi mata wankan jego. A farkon Satumba aka katse layukan waya a duk jihar saboda matsalar tsaro. Ana cikin haka mijinta ya iso daga Sakkwato da labarin cewa sunanta ya fito cikin waɗanda za a gana da su ta bidiyo a makon da ke tafe, kuma wanda bai bayyana ba an cire shi. Babu inda za a sami layi sai Sakkwato, ita kuwa ba ta yi arba'in ba.

Gwaggo Kulsumu ta ce, “Ba ta hita. Ɗanyen jiki gare ta. Turawan nan su ba uwa ta haihe su ba? Su jira.”

Rumaisa'u ta ce, “Gwaggo, ba su jira. Mu da yawa muka nema.”

Tsohuwar ta ce, “Ke likita ce can asibiti. Nan ɗaki ni ce likita.”

Mahaifinta ya rasa bayan wanda zai bi, domin shi ma tsoron hanya ya hana shi cin abinci, ya kuma san idan ta zauna ba za ta ce masa komai ba, sai dai abin ya zauna mata har abada. Ya sami yayarsa a bakin murhu ya tambaye ta, “Yaya, mi ke ɓata jego, hita ko rashin wanka?”

Ta daɗe tana juya itace kafin ta ce, “Wanka.”

Washegari aka ɗaure tukunyar wanka da ganyen darbejiya da garin kunun kanwa a saman mota, Gwaggo Kulsumu ta zauna gaba da jaririn, tana faɗa wa direba yadda zai bi ramuka. Sun isa Sakkwato lafiya. Ranar ganawar Gwaggo Kulsumu ba ta bar Rumaisa'u ta zauna gaban kwamfuta ba sai da ta yi wankan safe, kuma da yaron ya yi kuka tsohuwar ta shiga ta ɗauke shi, ta gaisa da mutanen da ke cikin allon kwamfutar da Hausa, suka amsa da ɗaga hannu. Mahaifin Rumaisa'u yana Kaura babu waya, bai ji sun sauka ba sai da direban ya dawo.

Tafiya da Dawowa

A watan Nuwamba aka sanar da ita cewa an ba ta tallafin. Ta tafi a 2022 tare da mijinta da ɗanta, ta dawo a 2023, ta koma asibitin koyarwar da take aiki, ta kuma fara binciken. A 2024 ta yi haihuwa ta biyu, ta sami 'ya mace, Ummulkhairi, tana kan aikinta na na'ura, lafiya ƙalau. Alhamdu lillahi.

Halin da Ake Ciki

Ta riga ta tattauna da matan Kaura Namoda da Moriki da cikin garin Shinkafi. Na Gurbin Bore da ƙauyukan da ke bayanta ba a kai gare su ba, saboda hanyar ba ta biyuwa, mahaifinta ma ya roƙe ta kada ta gwada, ta kuma ji. Ƙungiyar ta ce za ta duba abin da aka samu kafin ta yanke ko za ta ci gaba da ɗaukar nauyin aikin. Har ranar da aka rubuta wannan tarihi ba a san ko abin da ta tara zai ishe su ba, ba a kuma san yaushe hanyar za ta buɗe ba.