Farar masarar Kawu Sule ta fito da ja

Na shiga gidan Kawu Sule a Gwangwan, na tarar da shi yana jujjuya masarar da ya ɓare. Fara ya shuka, irin da ya gada wajen kakanmu, amma ga jajayen ƙwayoyi nan tsilli-tsilli a jikinta.

Mai shuka ja kuwa ƙaninsa ne, Kawu Iro. Gonakinsu a manne suke, amma tun rabon gado ko gaisawa ba sa yi.

Ya ce da ni, "Ka gani ko? Har iri ya lalata mini."

Matarsa, Inna Hajara, tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗago ba. Ta ce, "Malam, ba hannunsa ba ne. Iska ce ta kwaso bununin tasa ta zuba wa taka. Ku kuka raba gona, masara ba wanda ya gaya mata."

Ya ce, "Ke nan tawa ma ta je can?"

Ta ce, "Sai ka je ka dubo."

Har na taso bai je ba, bai kuma jefar da masarar ba.

Manoma, da ku ne, za ku shuka wannan irin baɗi?