Aksul ɗin da Na Kai Katagum

Mun tashi da asuba daga Azare, ni da abokina kafinta, da wani ƙarfe mai nauyi da muka kinkimo mu biyu muna nishi har tasha. Ƙarfen nan aksul ne, wato sandar da tayoyi biyu ke juyawa a kanta. Sana'ata walda. Ina sayen tsohon aksul na mota in gyara, manoma su zo daga Dambam da Hardawa har daga bakin kogi su saya, su sa a ƙarƙashin amalanken shanu.

Gara in faɗi abin da ya tayar da ni tun yanzu. A sana'armu, mai saye yakan sa a rataye aksul da igiya, ya buga masa guduma. Lafiyayye yana amsawa da ƙara mai tsawo, mai tsaga kuwa sai ya yi ƙwas ya yi shiru. Da damina wani dattijo manomi ya zo daga Katagum. Na ba shi wani aksul da na san ya tsage a tsakiya, na like da walda, na goge, na shafe da baƙin fenti. Da na yi kamar ina neman guduma, sai ya ce, "Bar shi, ɗana. Ai tare muka yi sallah yanzu." Na bari kuwa.

Makon jiya wani direba ya kawo mini ƙullin busasshen kifi daga wurinsa, da saƙon cewa amalanke na aiki lafiya, ranar Asabar ma zai fara kwaso shinkafa daga fadama, iyalinsa a saman buhuna kamar yadda suka saba. Kifin nan ban iya ci ba. Na san gangaren fadama, na kuma san iyakar abin da waldata za ta ɗauka. Ga shi sabis ɗin waya bai kai wajensu ba tukuna. Na je wurin wani Ibo maƙwabcina mai kayan gyaran mota, na zaɓi aksul irin wancan sak, na buga shi har sau uku. Ya dube ni ya ce, "Malam, yau kuma kai ne mai gwaji? Wane babban mutum za ka sayar wa?" Na ce masa babba ne ƙwarai.

A tasha muka sha koko da ƙosai a tsaye. Ƙosan Azare ya ƙanƙance bana, mai tuya ta ce laifin tsadar wake ne, abokina ya ce laifin cokalinta ne. Akori-kura muka samu, aka shimfiɗa aksul a tsakiya, fasinjoji suka ɗora ƙafafu a kai. Kwalta ta raka mu wani wuri lafiya, wani wuri kuma sai ramuka, direba na kewaya su kamar mai gudun gaisawa da surukai. Dama da hagu an yanke gero an jingine, dawa ta sunkuyar da kai, Fulani na kora shanu gefen hanya.

Hirar mota a kan ƙarfena ta tsaya. Wani malamin Arabiyya da gwiwarsa ke gugar sa ya ce Larabawa mihwar suke kiran irin wannan. Ya ce ƙarfen da ke tsakiyar dutsen niƙansu, wanda na sama ke juyawa a kansa, shi ne ƙuɗub, daga nan aka samo ƙuɗubi da ake kiran babban waliyyi. Wani tsohon hedimasta bai yarda a bar shi a baya ba. Ya ce aksul da muke faɗa daga Turanci muka aro, kuma danginsa ne aksis, layin da duniya ke juyawa a kansa, wanda Turawa suka gada daga Latin, can ma asalinsa sandar keken doki ce. Wani Bafulatani ya ce su dai abin da direbobi suka kira shi suke kiransa, in dai bai karye ba. Aka yi dariya. Ni iyakata firamare. Abin da na tsinta shi ne kowane harshe ya ba abin nan girma, ni kuma na shafa masa fenti na sayar.

Hantsi ya ɗaga muka shiga Katagum. Gari ne tsoho mai natsuwa, iskarsa da ɗanshin kogi, ƙanshin kifi na tashi daga rumfuna, ana cin kasuwa da Hausa da Fillanci a baki ɗaya. Kifin da muke wa layi a Azare nan tulinsa ake yi a faranti. Mai tura kura ya kai mana kayan har ƙofar gidan dattijon.

Muka same shi ƙarƙashin dalbejiya yana gyaran igiyar shanu, amalanken na gefe an wanke shi. Ya yi murna, ya sa aka kawo tabarma da fura. Na so in fara da kewaye-kewaye, har na ce wai wucewa muke yi. Abokina ya taka mini ƙafa. Sai na ce, "Baba, aksul ɗin da na sayar maka tsagagge ne. Na sani tun ranar. Ga wani na kawo."

Dattijon ya ajiye igiyar. Ya tashi ya durƙusa ƙarƙashin amalanken, ya kankare fentin da wuƙa har layin walda ya fito. A gefensa wata sabuwar tsaga ta fara, siririya kamar zare. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya waiwaya cikin gida inda muryoyin matan gidan ke tashi.

"Jibi ne fa za su hau," in ji shi.

"Na sani, Baba."

Maƙwabta suka taya mu ɗaga amalanken, muka kwance tsohon. Za mu sa sabon ke nan dattijon ya ɗaga hannu. Ya aika aka karɓo guduma wurin maƙeri, ya sa aka rataye ƙarfen a reshen dalbejiya, a gaban kowa.

"Wancan ban buga ba," ya ce. "Wannan zan buga."

Ya buga. Ƙarar ta tafi, ta tafi, har shanun suka ɗago kai. Ya sake bugawa a tsakiya, ya kara kunne. Sannan ya ce a sa. Ban taɓa jin kunya irin ta tsakanin bugu na farko da na biyu ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Bai bar mu mun tafi ba sai da muka ci tuwon shinkafa da miyar kifi. Wajen sallama na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma "Malam mai walda" ya kira ni, bai sake cewa ɗana ba.

Muka iso Azare bayan la'asar da tsohon aksul, don ban yarda in bar shi inda wani zai tsinta ya sa a amalanke ba. Kafin in shiga gida na yanka shi biyu. Tafiyar ta koya mini cewa ƙarfe ana canza shi cikin awa guda, yardar da mutum ya ba ka kyauta kuwa ba ta dawowa a mota ɗaya da kai. Yanzu akwai guduma ɗaure da sarƙa a ƙofar shagona. Ko wanda muka fito sahun sallah ɗaya da shi ya ce in bari, sai na miƙa masa ita.