Gaisuwar Inna da Bajimin Arɗo

Bayan an gama yaƙin Turawa, sojojinmu sun fara dawowa gida, wani tsohon mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, da ya ajiye aiki ya zauna a Buza ya ƙirƙiro abin da ya kira zurnal, wato jarida. Takarda ce guda ɗaya, fuska ɗaya, da ajami. Da hannunsa yake kwafe ta sau huɗu a bayan tsofaffin takardun buro, wato ofishin gwamnati. 'Yan koli su ɗora a kan jakuna, ɗaya ta tafi Tama, ɗaya Deule, ɗaya Sabon Gida, ɗaya ta tsaya Buza. Ranar kasuwa a samu mai murya ya hau kan turmi ya karanta wa jama'a: inda aka yi ruwa, inda fara ta sauka, wanda raƙuminsa ya ɓata.

Ni a Tama nake, ina noman gero da damina, da rani in shiga fadama in yi albasa. Ina da kyan rubutu, wannan ko wanda ba ya sona ya sani. Da na ji mushe yana neman wanda zai riƙa rubuto maganar Tama kowane mako, sai na yi sammako na tafi Buza da ƙafa. Ya ɗora tafin hannunsa a kusurwar takarda, ya zagaye shi da alƙalami, ya ce wannan ne filina, kada in wuce. Mushe ɗan ƙaramin mutum ne, hannunsa ma haka. Na yi ta cewa a raina da ma maƙerin garinmu aka ba awon.

Ba son suna ne ya kai ni ba. Ina da wa, shi ne ɗan farin Inna. Shekara uku kafin nan mun yi faɗa da shi a kan wani gawo da ke tsakanin gonarsa da tawa, a kan awakin wa za su ci 'ya'yansa. Na gaya masa maganar da ba a gaya wa babba, a gaban mutane kuma. Ya rantse ba zai sake taka Tama ba sai ranar jana'iza, ya ɗauki gatarinsa ya tafi Sabon Gida yana haƙa rijiyoyi. Na aika masa wasiƙa ta dawo a naɗe yadda ta tafi. Na aika kawunmu, ya ba shi fura ya raka shi bakin gari.

Ana cikin haka idon Inna ya fara dushewa. Ta daina tsintar tsakuwa a cikin wake, ta fara kiran tunkiya da sunan akuya. Kunyar ɗan fari ba za ta bar ta ta ce a kira mata shi ba, ko sunansa ba ta taɓa faɗa ba tun da ta haife shi. Sai dai ina zaune ta ce, "Halan an yi ruwa Sabon Gida?" Ko da tsakar rani ne haka take tambaya. Na san abin da take nufi, kuma na san in idon ya rufe ba ta gan shi ba, ni ne sanadi.

To wasiƙa ana iya mayar da ita, amma mutum ba ya toshe kunne a tsakiyar kasuwa. Na shirya maganata tsaf, gajeruwa: ni na yi kuskure, gawon naka ne, idon Inna yana tafiya, ka zo. Ko hannun mushe ya ishe ta har da saura.

Makon farko na ce ba a faɗa wa mutane haka kawai ba, bari in gabatar da kaina. Na gaida mai gari, na gaida liman, na gaida sarkin noma. Na faɗi abin da ya samu albasa. A can ƙasa, don ba a sa na gida a gaba, na rubuta: ina gaida mahaifiyata. Na bar maganar wana sai mako mai zuwa.

Washegarin kasuwa ina ɗaure jaki sai ga sarkin pawa a ƙofar gida, ko wuƙar bai ajiye ba.

"Malam, mi niy yi maka?" in ji shi. "Ka gaida liman, ka gaida sarkin noma, ni kuwa awa ba ni cikin gari. Naman da kac ci ranar Salla, daga bisa yah hwaɗo?"

Na ba shi haƙuri, na sa shi. Da na sa shi, sarkin maƙera ya zo. Da na sa sarkin maƙera, wanzami ya aiko a tuna mini wanda ya yi mini aski ranar sunana. Bayansa magina, masaƙa, mai gishiri, da wata tsohuwa mai ƙosai da ta ce ita ta goya ni, abin da Inna ta ce ba a taɓa yi ba.

Mai karatun kasuwarmu shi ya ƙara lalata al'amari. Mutum ne mai ladabi fiye da kima. In ya karanta gaisuwa sai ya tsaya ya jira amsa. In mai ita yana wurin, ya ɗaga murya daga rumfarsa ya ce lahiya lau, sannan a ci gaba. In wanda aka gaida ba ya nan, to nauyi ya hau kansa, sai ya zo har gida ya amsa mini. Akwai wani dattijo da ya taso daga Deule a kan jaki, ya sauka, ya durƙusa, ya ce, "Lahiya lau." Na ce madalla. Ya ce to a rubuta cewa ya amsa, kada mutane su ce ba shi da tarbiyya.

Masaƙa biyu suka yi rigima a kan wanda za a fara ambata. Na raba musu, wannan mako wannan, wancan mako wancan. Mako ɗaya na manta, suka daina gaisawa a masallaci saboda gaisuwar takarda. Wani manomi ya rasu, na ce Allah ya jiƙansa, ga wuri ya samu. Kafin sadakar bakwai ɗansa ya zo ya ce wurin babansa a zurnal nasa ne yanzu, tare da gona da jaki.

Na fiƙe alƙalamina har ya koma kamar ƙaya. Labarin albasa ya fita, labarin ruwa ya fita. Filin Tama ya zama gaisuwa tun daga sama har ƙasa, kuma abin haushi, shi mutane suka fi so a duk takardar. Masu talla kan yi shiru in an zo kansa.

Sau ɗaya na yi ta maza. Na share kowa, na rubuta maganar wana ita kaɗai a tsakiyar fili, na ba ɗan koli. Kwana uku ta dawo mini da saƙon mushe a bayanta: "Wanga ba rubutu na ba, jihwa na. Kai kana shiga gidan mutane ba sallama?" Na yi fushi na yini ban ci abinci ba. Amma tunda yanzu na tsufa bari in faɗi gaskiya: a ƙarƙashin fushin nan daɗi na ji. Cewa na yi kuskure a gaban kasuwa huɗu ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Duk makon da fili ya cika sai in yi tsaki a gaban mutane, in shiga ɗaki in sauke numfashi. Haka na yi shekara biyu, Inna tana tambayar ruwan Sabon Gida.

Sai arɗo ya zo. Shi ne shugaban Fulanin da ke zaune gabas da gari, suna noma suna kiwo. Tun da daɗewa na sa shi, na kuma sa shanunsa a dunƙule, don ya ce a wurinsu wanda bai tambayi shanu ba bai gaishe ka ba. Wannan karo da ƙwaryar nono ya zo. Babban bajiminsa ya ci wani abu a daji, cikinsa ya kumbura, yana kwance.

"Ka yi mai sannu shi kaɗai," in ji arɗo. "Cikin takarda. Shi ji an san da shi."

Na ce, "Arɗo, bajimi ba shi zuwa kasuwa."

"Ni ina zuwa. In gaya mai."

Ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar gidana ya zauna. Hantsi ya yi, rana ta take, bai motsa ba. Na ɗauko takarda na bi ta daga sama ina neman wanda zan cire. Mai gari ba ya ciruwa. Liman ba ya ciruwa. Sarkin pawa yana da wuƙa. Na yi ta sauka har na kai ƙasa, inda ta ce ina gaida mahaifiyata. Na ce a raina Inna ba ta zuwa kasuwa, ba za ta ji ba, in ma ta ji ba za ta zo ta zauna mini a ƙofa ba. Mako ɗaya ne kawai. Na kankare ta, na rubuta: sannu ga bajimin arɗo, Allah ya ba shi lafiya. Na sha nonon kuma, ba zan ɓoye ba.

Kwana biyu bayan kasuwar Sabon Gida, da hantsi, ina gyaran igiyar guga a ƙofar gida, na ga mutum yana tahowa ƙafafunsa fari fat da ƙura, ya rufe rabin fuska da rawani, yana ɗauke da ɗan buhun gero a kafaɗa. Sai da ya iso na gane wana ne. Ya sauke buhun, ya kama hannuna da hannu biyu, hawaye yana zuba.

"Ƙanena, ya haƙuri?"

Na ce, "Haƙurin mi, Yaya?"

Kuka ya ci ƙarfinsa. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta gan shi. Duk Tama an san rantsuwarsa, don haka ba ta tsaya tambaya ba, ta ɗora hannu a ka ta rusa ihu. Gida na gaba ya ɗauka, na bayansa ya karɓa. Kafin in tattara hankalina an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidana. Liman ya iso da sauri yana gyara rawani. Masaƙan nan biyu suka zauna kafaɗa da kafaɗa. Har wani ya tafi ɗauko magirbin haƙa kabari. Kowa yana ce mini ya haƙuri, ni kuma, da yake baki ya saba, ina cewa haƙuri sai ma'aiki.

Ana haka Inna ta fito daga cikin gida tana lalube bango, mayafinta a karkace.

"Wa yar rasu?" in ji ta. "Allah shi jiƙan shi. Ku kama mini hannu in tahi in yi gaisuwa."

Wana ya zauna daɓas a ƙasa yana kallonta, bakinsa a buɗe. Liman ya duba Inna, ya duba wana, ya ce to ai sai a yi bayani.

A nan, a gaban kowa, wana ya faɗi abin da ban taɓa sani ba. Shekara biyu, duk ranar kasuwa, yana fitowa daga rijiya ya wanke laka ya je ya tsaya bayan rumfar masu gishiri. Ya saurari mai gari, da liman, da sarkin pawa, da masaƙa, da dattijon Deule da amsarsa, duk ya haƙura, har a kai ƙasa. In ya ji an ce ina gaida mahaifiyata, sai ya san tana nan, ya koma bakin aikinsa. Wannan mako aka ƙare a kan bajimi. Ya sa mai karatu ya sake karantawa. Ya sa ya juya takardar ya duba baya. Daga nan ko gida bai koma ba, ya auni geron sadaka ya kama hanya.

Liman ya yi gyaran murya ya ce rantsuwa dai ta karye, tunda ga shi a Tama kuma babu gawa, sai ya yi kaffara. Mutane suka fara naɗe tabarmi, wasu har da ɗan jin haushin an tashe su daga aiki. Sarkin pawa ya ce tunda an taru, ko a yanka wani abu. Ni ban ji dariyar da aka yi ba. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba kafin nan ko bayan nan.

Muka shiga gida mu uku. Inna ta zauna a kan tabarmarta a cikin ɗaki, wana ya durƙusa daga gefe cikin duhu, kansa a ƙasa. Ba ta yi masa magana ba, ba ta juya wajensa ba. Ni ta kira.

"Kai. Ce ma baƙon ga shi matsa bakin ƙohwa, inda rana take."

Ban ma faɗa ba ya matsa. Haske ya sauka a fuskarsa. Inna ta karkata kai kamar mai duban wani abu a bango, tana kallonsa ta wutsiyar ido, ta daɗe ƙwarai. Ta goge ido da bakin mayafi ta sake kallo.

"Ya rame," in ji ta. "A dama mai hura."

Sannan ta juyo wajena. Babu faɗa a muryarta, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Kai kuma, bajimin ya ji sauƙi?"

Ni da na shekara biyu ina gaida rabin ƙasarmu ta Adar, na buɗe baki na rasa abin da zan ce mata. Idonta ya rufe kafin a yanke geron shekarar nan.