Kwamfutar Shagona da Gidan Yaya na Miskine

Assalamu alaikum Edita, da ku masu karatu. Ku yi haƙuri ba zan faɗi sunana ba, ko da yake duk wanda ya taɓa zuwa buga takarda a layinmu zai gane ni tun kafin in rufe baki. Shekaru kaɗan da suka wuce, ni ne mutumin nan mai tumbi da ke zama a bakin shago yana bugun ƙirji, yana cewa ko ƙuda ne ya sauka a kan kwamfutata sai na san daga wace unguwa ya taso da abin da ya karya da shi. Ina da ɗan shago a unguwar Kilomita Biyar, tsakanin mai atamfa da mai man gyaɗa, inda nake buga wa mutane wasiƙa, in ɗauki hoton takardunsu in tura wa 'yan uwansu da rikici ya watsa Kamaru da Cadi. Kwamfuta ɗaya ce tal, tsohuwa, mai nishi kamar ni idan na hau bene, amma a bakina ta fi ta fadar shugaban ƙasa. Nakan gaya wa masu zuwa cewa asirin da ya shiga cikinta ya shiga kabari, ni kaina da na buga shi da yatsuna sai na nemi izini kafin in tuna shi. Su yi dariya, ni ma in yi. Gaskiyar magana, ban da kunnawa da bugawa da turawa babu abin da na sani game da ita.

Cikin masu zuwa wurina akwai wata baiwar Allah da nake ce wa Yaya. Ba ciki ɗaya muka fito ba, ƙawar marigayiya yayata ce, ta goya ni ina ƙarami, har yau kuma idan na cika surutu sai ta ce in rufa mata baki ko ta tuna min yadda nake jiƙa mata zane. Mijinta ya rasu. Tana zaune a ɗaki ɗaya a unguwar Kokoro ita da jikoki, alhali mahaifinta ya bar musu gida a unguwar Miskine, gida mai ɗakuna huɗu da bishiyar mangwaro a tsakiya. Sun gudu sun bar shi lokacin da gari ya rikice, da ƙura ta lafa suka tarar wani mutum ya shige da iyalinsa, bayansa kuma akwai wani dillali da ya ƙware wajen sayar da irin waɗannan gidaje da masu su suka tsere. Ƙaninta yana Garwa ta Kamaru, shi ke riƙe da wasu takardun, ita ke da wasu. Duk mako sai ta zo ta zauna kusa da ni, ta sa in rufe ƙofa, ta faɗa in buga. Abin da suke shiryawa shi ne su kai maganar gaban mai unguwa da hujjarsu a cike, ba tare da ɗaya ɓangaren ya san abin da ke hannunsu ba.

Wata rana aka kawo wuta da ƙarfi, kwamfutar ta yi wani tari ta mutu. A nan na yi kuskuren farko. Masu gyara uku na sani. Biyu daga ciki mutane ne masu ɗaure fuska, ka ba su labari su dube ka kamar ka zo da sammaci. Na ukun kuwa bai daɗe da fara zama a majalisarmu ba, kuma Allah ya hore masa dariya. Tun ina cewa wata rana a hanyar Duwala zai fara riƙe ciki. Na taɓa ba shi labarin kifin da na kama a kogi wanda sai da aka kira masu amalanke biyu, mutumin nan har ƙasa ya zauna yana share hawaye. To ku gaya min, wa zan ba kwamfutata in ba shi ba? Ya ɗauke ta ya tafi da ita gida kwana biyu, ya dawo da ita tana gudu, ya ce ai tsakaninmu babu maganar lada, ya ƙara min da wasu manhajoji kyauta don aikin ya yi sauri. Na bi layi ina shelar cewa yanzu kwamfutata kan gama wasiƙa kafin mai ita ya gama tunani.

Bayan nan abubuwa suka fara lalacewa. Yaya ta sa na rubuta wa ƙaninta ranar da za ta je gaishe da mai unguwa, gaisuwar share fage kawai. Da ta isa sai ta tarar dillalin ya riga ta zama, da mutanensa, yana mata sannu da zuwa da yaren Sango har da tambayar lafiyar ƙaninta na Garwa. Muka ce ƙila tsautsayi ne. Sai ƙanin ya turo hoton tsohuwar takardar sayen filin, na buɗe mata a shago ta gani ta yi kuka. Ba a yi kwana goma ba aka ji dillalin yana nuna wata takarda mai irin wannan iyaka da irin waɗannan shaidu da suka daɗe da mutuwa, sunan mai saye kawai aka sauya. Abu na uku shi ne ya karya Yaya. Akwai wata tsohuwa a Miskine, Kirista, maƙwabciyarsu tun Yaya na budurwa, wadda ta ga lokacin da aka aza tubalin farko na gidan. Ta yarda za ta zo ta yi shaida, da sharaɗin kada sunanta ya fita sai ranar zama, domin ita a can take kwana, a can jikokinta suke ɗiban ruwa. Da hannuna na buga sunan matar nan a wasiƙa. Kwana uku bayan haka wasu maza biyu suka je gidanta, ba su zage ta ba, ba su ɗaga murya ba, suka dai tambaye ta ko tana jin daɗin zaman unguwar. Tsohuwar ta aiko wa Yaya cewa ta yi haƙuri, ƙafarta ba za ta iya zuwa ba.

Mutum uku ne suka san sunan nan: Yaya, ƙaninta, da ni. To a cikin ukun wa aka sani da baki? Babu wanda ya tsaya tambaya. Mai atamfa ya daina amsa min barka da rana da kyau. Idan na fara labari a majalisa sai in ga ana duban agogo. Matata da kanta ta zaunar da ni ta ce in ji tsoron Allah in tuna, ko da wasa, ko cikin labarin wani abu daban, ban ambaci tsohuwar ba? Na rantse mata, ta ce ai ta ji ni na rantse a kan kifin ma. Ban taɓa sanin nauyin abin da na yi wa kaina ba sai ranar. Shekara ashirin ina ƙara gishiri a magana don a yi dariya, rana ɗaya da nake buƙatar a yarda da ni, babu ko mutum ɗaya. Har na fara zargin kaina, ina bin maganganuna na mako ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman allura a buhun gero. Yaya ba ta yi min faɗa ba. Ta daina zuwa kawai, kuma da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Ana saura kwana huɗu a yi zaman ƙarshe wurin mai unguwa, wani abokina na ƙuruciya ya zo ganin gida daga Duwala, inda yake aikin kula da kwamfutocin wani kamfani. Mutum ne marar son wasa, tun muna makarantar allo ba ya dariyar labarina. Ya saurare ni har ƙarshe, ya tambaye ni abu ɗaya, wa ya taɓa kwamfutar ban da ni. Da na faɗa masa sai ya ce in matsa. Ya ciro ɗan kile ɗinsa daga aljihu, irin wanda ake zuba takardu a ciki, ya ce a nan akwai manhajar da aikinta shi ne farautar manhajojin leƙen asiri, ya sabunta ta kafin ya taso. Ya zare wayar intanet tukuna, ya ce kada abin da ke ciki ya samu hanyar aika labari ko karɓar umarni. Ya ce ba binciken gaggawa za mu yi ba, na gaba ɗaya za mu yi, ko zai ci rabin yini. Muka zauna muna kallon wani ɗan layi yana rarrafe. Ni da ba na iya minti biyar ban yi magana ba, ranar ko tari ban yi ba.

Wajen azahar allon ya yi ja. Abokina ya nuna min da yatsa, ya ce ga baƙona. Wata manhaja ce da ta saka sunan da ya yi kama da na kayan kwamfutar na asali, tana tashi da kanta duk lokacin da na kunna, tana rubuta duk harafin da na danna, tana ɗaukar hoton allo a kai a kai, ta tattara ta aika. Ya buɗe min wani wuri, sai ga wasiƙun Yaya a jere, har da inda na yi kuskure na goge na sake. Ranar da aka saka ta kuma tana cikin kwana biyun da kwamfutar ta yi a gidan mai dariya. Wani irin farin ciki ya taso min, don ga shi dai ba bakina ba ne. Abokina ya ce in saurara da kyau. A cikin abin nan akwai adireshin da ake aika wa hotunan, da jerin ranakun da aka aika, kuma wannan ne kaɗai abin da za a iya ajiyewa gaban mai unguwa a nuna cewa daga takardar Yaya aka kwafi ta dillali. Zai je masallaci, ya biya gida ya ɗauko abin da zai kwashe shaidar a ciki. Ya ce kada in taɓa komai. Sau biyu ya faɗa, na biyun har da kama min kunne kamar yaro.

Yana fita na leƙa waje na kira mai atamfa da mai man gyaɗa da duk wanda ke wucewa, su zo su ga ɓarawon da aka ɗora min laifinsa. Shago ya cika. Wata shida rabon da a taru a kaina haka. Na fara bayani, ina ƙarawa, na ce abin nan har numfashin mutum yana ƙirgawa. Wani daga baya ya ce to in da gaske ne na san kan kwamfuta, me na tsaya jira, in kashe shi mana su gani. Jama'a, ga babban maɓalli a gabana an rubuta a cire. Na ce bismillahi da ƙarfi na danna. Kwamfutar ta tambaye ni ko a ajiye shi a killace ko a share gaba ɗaya, na ce wa jama'a ni ba na ɗaure ɓarawo, binne shi nake yi. Na share. Ta sake tambaya ko a goge tarihin binciken, na goge. Allon ya koma kore, aka yi tafi, wani ya ce singila, wato an gode da Sango, na ɗaga hannu kamar wanda ya ci zaɓe.

Da abokina ya dawo ya dubi allon, ya dube ni, ya zauna a kan benci. Daga baya ya yi ta ƙoƙari har la'asar ta wuce. Ya ce akwai ƙwararrun da ƙila su iya tono wani abu, amma ba a kwana huɗu ba, kuma ba da abin da ke hannunmu ba. Na nemi mai dariya, aka ce ya yi tafiya. Ranar zama na bi Yaya, na miƙe na ba da labarin abin da na gani da idona. Mai unguwa ya san ni, ya taɓa shan dariya a majalisarmu. Ya tambaye ni cikin mutunci ko ina da abin nunawa. Na ce akwai mutum goma sha wani abu da suka gani. Aka tambayi mai atamfa, ya ce shi dai ya ga ja ya koma kore. Ba zan iya rantsewa cewa mai gyaran nan da dillalin bakinsu ɗaya ba, har yau zato ne, kuma ni na binne abin da zai mai da shi tabbas. An sayar da gidan. Na wuce ta wurin a kan babur kwanakin baya, an sare mangwaron.

Abin da ya sa na rubuto ke nan. Duk mai shago irin nawa, ya sani cewa asirin mutane ne a hannunsa, ba nasa ba. Kada ka ba kowa kwamfutarka ya tafi da ita don kawai yana maka daɗin zama, a gyara ta a gabanka. Kada ka karɓi manhajar da ba ka san daga inda ta fito ba. Ka sa manhajar gano masu leƙen asiri, ka riƙa sabunta ta, ka riƙa cikakken bincike tun kafin magana ta fara fita, ba bayan ta fita ba. Idan kuma ta kama wani abu, ka zare intanet, ka ɗauki hoton allon ko da wayarka ce, ka jira wanda ya sani, sannan ka sauya kalmomin sirrinka a wata na'urar daban. Ni wayata tana aljihuna ranar, ko tunanin ciro ta ban yi ba, hankalina yana kan masu kallo.

Sai da na yi wata biyu kafin na iya zuwa Kokoro. Na same ta tana tsince shinkafa a bakin ƙofa. Na durƙusa na ce Yaya ki yafe min, na fara mata bayani tun daga farko, yadda abin ya ɓuya, yadda muka kama shi, cewa yanzu babu ko ɗigonsa a cikin kwamfutar, an wanke ta tas. Ba ta katse ni ba, ba ta kuma daina tsintar ba. Da na gama sai ta hure ƙaiƙayin da ke tafin hannunta, ta ce, "To madalla, ƙanena. Barka da kwamfutarka ta samu lafiya."