Yaya Illo, wanda bai taɓa kiran gayyarsa ba

Ina zaune bakin rumfar goron da nake gadi a zangon Kumasi, sai wani direba ɗan garin Cadawa, can yankinmu, ya tsuguna gabana, ya cire hula. "Sai haƙuri, Baba. Yayanka Illo ya riga mu gidan gaskiya. A gona ya faɗi, ana cikin girbi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban tambayi gonar wa ba. Na san dai ba tasa ba ce.

Tun muna yara Allah ya yi wa Yaya Illo zuciya mai saurin jin ciwon wani. In za a yanka akuya, bayan gari yake tafiya sai an gama. Mutum ya shigo zaure fuska a ɗaure, shi zai fara gani, kuma tuwo ba zai wuce masa ba sai ya ji dalili. Shekarar da aka sauke tutar Faransa ana ta kiɗa a garin Agye, shi yana gefe yana rarrashin wata tsohuwa da ƙarar bindiga ta firgita. Aka ce kirki ne. Kirki ne, amma kaya ne kuma, ba wanda ya kama masa.

Kowa ya san ƙa'idar gayya a garinmu: ka je ta wani, ranar taka ya zo. Yaya ya je ta kowa, har ta makiyayan da suka zauna kusa da mu suka fara noma. Tasa kuwa bai taɓa kira ba. Na ce masa, "Yaya, ciyawa ta cinye maka gero, ka sa a buga ganga mana." Ya ce, "Ka ga idon Malam Tanko jiya? A gajiye yake. In ƙara masa?" In aka ce ya kai tarin da ya daɗe yana damunsa wurin likita a Maraɗi, sai ya yi dariya: "Nawa ciwon ɗan gida ne, ba gudu zai yi ba."

Ina jin haushin mutanen garinmu, ba zan ɓoye ba. Suna ganin yana ramewa, suna ta aiko masa kiran gayya. Amma gaskiya ɗaya ce. Gayya sai an kira ake zuwa, wanda ya shiga gonar wani ba kira ya ce masa rago ke nan. Da ya buɗe baki da sun zo. Ya hana su rama alheri, yana ganin tausayinsu yake ji.

Direban ya ce geron Yaya na nan tsaye tsuntsaye na ci, matarsa Hajo kuma ta ce kada a dami kowa, kowa na fama da nasa. Hajo, matar yaya, halinku ɗaya, abin da ke ba ni tsoro ke nan. Wannan geron shi ne tuwon yaranku har wata damina. Kina takaba, ba fita za ki yi ba, amma baki bai shiga takaba ba. Ki aika gidan mai gari, a sa ranar gayyar gidan Illo. A dama fura, ki zauna ɗakinki, ki bari a yi miki. Za ki ji kunya, na sani. Ki ji ta, ki aika.

Allah ya jiƙan Yaya Illo, ya hutar da shi hutun da bai ba kansa ba, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya raya abin da ya bari, ya ba Hajo haƙuri, ya ba ta bakin faɗin abin da take bukata. Amin.